Yadda Mutanen Keita Suka Raya Itatuwa a Jikin Dutse

Abin da ke kashe dashe a kan gangare sau da yawa gudun ruwa ne. Sama ta zubo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin a ankara ya gangara kwari da ƙasar sama, ya bar ɗan itacen a kan tsandauri. Kwana biyu rana ta buga, ganye ya yi yaushi.

Mutanen Keita, a jihar Tawa ta Nijar, sun san wannan sarai. A 1984, lokacin babban fari, aka fara aikin farfaɗo da ƙasar yankin da tallafin Italiya da hukumar FAO. Galibin masu aikin mata ne, don maza da yawa sun tafi ci-rani, ana kuma biyansu da abinci. Da diga da shebur suka haƙa ramuka a jikin tuddai masu duwatsu, kowane rami kamar mita 3 a tsawo, a gicciye da gangaren. Ƙasar da aka tono akan tara ta ta gefen ƙasa, a danne da duwatsu. Ba a jera ramukan kai da kai. Na ƙasa yakan tsaya daidai saitin gibin na sama, ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. A tsakiyar ramin sukan bar ɗan tudu, nan ake dasa itacen, saiwa ta sha danshi ba tare da ruwa ya shanye shi ba.

Mai ɗan lambu a gangare zai iya kwaikwayon haka da ramin rabin wata, bakinsa na kallon tudu. Zaɓen iri ma ba abin wasa ba ne. Dakwara, bagaruwa, aduwa da magarya 'yan gida ne, suna zura saiwa can ƙasa. Mangwaro kuwa a irin wannan wuri asarar kuɗi ce kawai.

A dasa bayan damina ta zauna, a yanke ledar da dashen ya zo a ciki, a rufe gindin da kara ko tsakuwa. Da rani, ban ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafin kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama. Wasu kan binne tulu a gefe, ruwan na tsatsowa a hankali.

Sai kuma awaki. A bazara, sa'ad da babu ɗanyen ganye ko'ina, akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin shekara, don haka shingen ƙaya ya zama dole har itacen ya fi ƙarfin bakinta.