Uwar Shaihu Umar Da Hanyar Da Ta Bi

Jama'a, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu, yau hirarmu a kan wani littafi ne da na fara karantawa a Azare ina yaro, na kuma sake ɗaukarsa kwanan baya, barci bai ɗauke ni ba sai da na kai ƙarshensa. Shi ne Shaihu Umar, na marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin ƙasar Bauchi. Ya rubuta shi ne saboda gasar ƙaga labarai ta 1933 wadda Rupert East ya shirya, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Daga baya kuwa shi ma Ikko ta zama wurin zamansa, yana Firayim Minista, har aka kashe shi cikin Janairu 1966.

Da muna yara, Umar muke bi da ido, watau yaron da aka sace, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, aka ƙetara da shi hamada, ya yi karatu har ya zama babban malami. Amma da na girma sai na gane uwarsa ce ginshiƙin labarin. Mace ce da mijinta ya rasu ya bar ta da maraya. Ta sake aure, mahassada suka sa aka kori sabon mijin, Makau, daga Kagara, sannan kuma ɗan ya ɓace. Wata da sai ta rungumi ƙaddara ta zauna. Ita kuwa ta ƙi yarda da ji-ta-ji-ta, ta ɗaura ɗamara sai ta san gaskiyar inda ɗanta ya shiga. Garin nema ita ma ta faɗa bauta, aka yi Arewa da ita. Mai karatu ba ya iya ajiye littafin, don yana so ya ji ko za su gana.

Kada mutumin Katagum ya ɗauka hanyar nan tatsuniya ce. Ta Tarabulus da Murzuk Bature Clapperton ya biyo zuwa Barno, ya iso Katagum cikin 1824, abokin tafiyarsa Likita Oudney kuwa ya mutu kusa da garin. Hanyar da ta kawo su, irinta ce ta kwashe 'ya'yan mutane, iyaye ba su sake jin ɗuriyarsu ba.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Mutum nawa ne a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun da suka bar uwa a Azare ko Chinade ko Madara, shekara da shekaru ba aike ba sallahu? Ita tana can, duk motar da ta sauka daga Kurmi sai ta aika a tambayo. Umar bauta ce ta raba shi da uwarsa, kai kuwa mene ne hujjarka, ga waya a aljihu?

Sun gana daga ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. A nemi littafin a karanta, sannan a kira gida tun da sauran lokaci. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.