Masuntan Kuruwitu da Aikin Farfaɗo da Murjanin Teku

Bahaushe ya san murjani a wuyan amare, amma bai cika sanin cewa halitta ce mai rai ba. Waɗansu ƙananan dabbobi ne na cikin teku, masu zama cunkus wuri guda, kowace tana gina wa kanta gida na farar ƙasa. Jan da ake yin ado da shi dangi ɗaya ne. Akwai wasu dangogin da ke tara gini bisa gini na dubban shekaru, har su zama duwatsu a gaɓar tekunan ƙasashe masu zafi. Duwatsun nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku sun dogara da su. A nan kifi ke ƙyanƙyasa, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa ƙauyuka.

A jikin dabbar murjanin da ke gina waɗannan duwatsu akwai wani ɗan mitsitsin tsiro da ke ba ta abinci da launi. Idan zafin ruwa ya ɗara yadda aka saba da kamar digiri 1 na tsawon makonni, sai ta fitar da tsiron, ta yi fari fat, in abin ya daɗe kuma yunwa ta kashe ta. Haka ya faru a 1998, lokacin da Tekun Indiya ya yi zafin da ya hallaka fiye da rabin murjanin wurare da dama a gaɓar Kenya.

Sai dai ba zafi kaɗai ne ya yi ɓarnar ba. Yawan su da jan taru mai ƙananan idanu sun kwashe kifayen da ke cin ciyawar ruwa, sai ciyawar ta lulluɓe duwatsun. Kifin da ke cin bushiyar teku ma ya yi ƙaranci, ita kuwa ta yaɗu tana kankare dutsen da bakinta.

A wannan hali ne mutanen Kuruwitu, wani yankin masunta a gundumar Kilifi da ke arewa da Mombasa, suka kafa ƙungiya a 2003. Bayan doguwar muhawara, suka amince su rufe hekta 30 na ruwansu, ba mai jefa ƙugiya ko taru a ciki. Da Swahili ana kiran irin wannan wuri tengefu, wato abin da aka keɓe. Wanda ya san yadda ake hana su a Matan Fada na Argungu har sai lokacin biki zai gane hikimar. Shawarar ba ta da sauƙi, domin wanda ya ci yau daga abin da ya kamo yau aka nemi ya haƙura da wani ɓangare na gonarsa. Amma cikin 'yan shekaru kifi ya ƙaru a cikin keɓaɓɓen wurin, ya riƙa fantsama zuwa inda aka yarda a yi su. Wasu ƙauyukan gaɓar suka kwaikwaya. A 2017 ƙungiyar ta sami kyautar Equator ta Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a Nuwamban 2023 Sarki Charles na Ingila ya ziyarci wurin.

Dashen murjani daga baya ya zo, tare da tallafin wata ƙungiya mai suna Oceans Alive. Ana tsinto gutsattsarin da suka karye, a ɗaura su a kan tebura a ƙarƙashin ruwa, a yi ta goge musu ciyawa da burushi, sannan bayan watanni a kafa su a kan dutse ko a kan siminti da aka ƙera. Aiki ne na haƙuri. Mai rassa kan yi tsawon kamar santimita 10 a shekara, dunƙulallen kuwa bai cika wuce santimita 1 ba.

Jerin da abubuwan suka bi shi ne darasin. Sai da aka yi yarjejeniya, aka sami masu gadi daga cikin gari, kifi ya dawo, sannan aka yi dashe. Masu ba da tallafi sun fi son dashen, domin shi ke ƙirguwa, shi ke kyau a hoto. Amma abin da aka dasa a ruwan da ba mai tsaronsa, jan taru na dare ɗaya ya isa ya share shi. Jami'in gwamnati yakan zo ya tafi, kuɗin tallafi yakan ƙare. Wanda ke ganin baƙon kwale-kwale da asuba shi ne mai kwana a bakin ruwan, kuma ba zai tashi ba sai ya tabbata amfanin zai shigo gidansa.

Gaskiya ne masunta ba su da iko a kan ɗumamar duniya. A Afrilun 2024 hukumar kula da tekuna ta Amurka ta sanar da cewa murjanin duniya ya shiga annobar fari karo na huɗu, kuma gaɓar gabashin Afirka ba ta tsira ba. Hekta 30 ba za ta sanyaya teku ba. Abin da take yi shi ne bai wa murjanin da ya rayu sararin murmurewa, tun da dutsen da kifi ke share wa ciyawa ya fi saurin karɓar sabon tsiro.

Saboda haka, duk gwamnati ko ƙungiyar da ke son sa kuɗi a wannan aiki, ta fara tambayar wa ke da iko da ruwan a idon doka, wa ke gadi, kuma me masunci zai ci a shekarun da yake jira. In waɗannan ba su da amsa, to a dakata da sayen siminti.