Masuntan Bakin Tekun Madina

Alhazai da dama kan yi alwala a Madina ba tare da sun san daga inda ruwan ya fito ba. Kaso mai yawa daga Bahar Maliya yake. A garin Yanbu da ke bakin tekun ake cire masa gishiri, a turo shi ta bututu tafiyar sama da kilomita 200, yana hawa duwatsu kafin ya iso birnin Manzon Allah (SAW). Aikin yana cin wutar lantarki ba kaɗan ba. Tambayar da ta kai ni wani ƙauyen masunta kusa da Yanbu ke nan: tekun da ke shayar da Madina, zai iya ba mazauna bakinsa wuta?

Bayan gahawa da dabino, aka haɗa ni da wani dattijo da kakansa ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya yi aikin hajji, bai koma ba. Hausarsa ta gauraya da Larabci, amma tana nan.

Na ba shi labarin kogin Rance a Faransa, inda tun 1966 ake tare ruwa idan teku ya ciko, ana juya injina da shi, ana samun megawat 240. Na ambaci tashar Sihwa ta Koriya ta Kudu, wadda aka buɗe a 2011 da megawat 254. Ya saurara, sannan ya ja ni zuwa wani dutse a bakin ruwa.

"Ɗana, dubi nan. Iyakar cikarsa ke nan, ga iyakar janyewarsa."

Tsakanin wuraren biyu bai kai mita guda ba. A Rance kuwa ruwa kan tashi kimanin mita 8. Bahar Maliya siriri ne, ƙofarsa ta Babul Mandab matsattsiya, don haka cikarsa ba ta da ƙarfi. Ga kuma murjani, inda kifi ke haihuwa, wanda madatsa za ta iya lalatawa.

Na ce, "To Baba, me ya fi damun ku?"

Ya ce ƙanƙara. Sukan fita kafin asuba, su dawo rana ta take. A lokacin zafi, idan ƙanƙarar da suka saya ta narke a cikin kwale-kwale, sai dillali ya taya kifin yadda ya ga dama, ga kuɗin mai yana jira. Ya sha zubar da kamun dare guda yana ji yana gani. 'Ya'yansa sun kama aiki a masana'antun Yanbu, kuma bai ga laifinsu ba. "Wa zai gaji wahala?" in ji shi. Matarsa ta leƙo ta ce shanya kifi ba riba ba ce, rage asara ce.

Abin da wannan gaɓa take da shi a wadace shi ne rana da iska. Saudiyya ta riga ta kafa tashar hasken rana mai megawat 300 a Sakaka, da ta iska mai megawat 400 a Dumatul Jandal. Dattijon bai nemi ko kusa da haka ba. Ɗakin sanyi guda mai aiki da hasken rana yake so a inda ake sauke kifi, domin masunci ya sayar da kamunsa a lokacin da ya so, a farashin da ya yarda. Wannan buƙata ba ta fi ƙarfin a biya ta ba.