Maganin Auduga a Kan Kabeji

Daga watan Nuwamba, da zarar damina ta janye kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa, lambunan bayan gida da na bakin fadama a Parakou da Djougou na ƙasar Benin sukan cika da kabeji da salak da karas da tumatir, domin sanyin dare na wannan lokaci ne yake sa kabeji ya dunƙule, ya kuma hana salak saurin fitar da fure da yin ɗaci. A daidai lokacin ne kuma ake tayar da tsohuwar gardama a kasuwar Arzeke da unguwannin Zongo game da ko ganyen da aka yi wa feshi yana da lafiyar ci, inda akasari ake rufe bakin mai tambaya da cewa wanki da dahuwa suna kawar da kome.

Wannan amsa ta haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Ruwa mai tsabta da tafasa suna maganin ƙwayoyin cuta irin na taifot da kwalara, waɗanda kan hau ganye idan an yi ban ruwa da ruwan kwata. Maganin ƙwari kuwa sinadari ne, kuma iri biyu ne: akwai mai zama a bayan ganye, wanda wanki yake rage shi, akwai kuma mai ratsa jikin shuka ya bi ruwanta, kamar asetamifirid da ake samu a wasu magungunan auduga. Na biyun kamar gishiri ne da ya narke a miya, babu yadda za a tsame shi. Abin da yake rage shi shi ne lokaci, wato wa'adin jira, kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda dole su wuce tsakanin feshi na ƙarshe da girbi. Maganin da aka haɗa don auduga ba ya ɗauke da irin wannan wa'adi na kabeji, tunda ba a yi shi don abin da za a ci ɗanye ba.

Yankin Borgou, inda Parakou take, ƙasar auduga ce, saboda haka ragowar maganin damina yana nan a ɗakuna, kuma ya fi na lambu sauƙin samu. Yankin ya riga ya ɗanɗana sakamakon haka: a kakar audugar 1999 zuwa 2000 an ba da rahoton mutuwar mutane fiye da 30 sanadin maganin auduga mai suna endosulfan, wasunsu ta hanyar abincin da maganin ya taɓa. Sai a 2008 gwamnatin Benin ta haramta shi, duniya kuma ta bi sahu a 2011 ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Haramcin ya cire suna ɗaya daga kasuwa, amma ɗabi'ar auna magani da murfin kwalba bisa ƙiyasi tana nan, malaman gona kuma sun fi zuwa gonar auduga fiye da lambun mata.

Abin takaici shi ne yawan feshin ba ya ma biyan buƙata, domin ƙaramar tsutsar da ke huda ganyen kabeji ta shahara a duniya wajen saba wa magani, ta yadda ƙarin feshi yakan kashe ƙwarin da ke cinye ta ya bar ta. Masu bincike na cibiyar INRAB ta Benin da takwarorinsu na Faransa sun gwada rufe kabeji da raga mai kama da gidan sauro, suka ga tana hana uwar tsutsar yin ƙwai a kan ganye. Ga lambun gida mai ƴan komaye, raga da ruwan dakakken ƙwallon darbejiya sun wadatar, wanda kuwa ya saya a kasuwa sai ya yar da ganyen waje na kabeji, ya kankare karas, ya tambayi mai sayarwa ranar feshi na ƙarshe.