Makullin Da Ke Cikin Na'ura: Yadda Ake Kare Fina-finai Daga Satar Fasaha

Fim ko wasan kwamfuta da ake sayarwa ta intanet ko a faifai kusan kullum a kulle yake zuwa. Ana dagula bayanansa ta hanyar lissafi, ta yadda ba za su koma hoto da sauti ba sai da wata lambar sirri, wato makulli. Sai dai akwai sarƙaƙiya a nan: wanda ake tsoron ya kwafi fim ɗin shi ne kuma wanda ya biya kuɗi don ya kalla, don haka dole makullin ya isa na'urarsa. Aikin masu tsaro shi ne su bar na'urar ta yi amfani da makullin ba tare da mai ita ya taɓa ganinsa ba.

Da farko a cikin manhaja ake ɓoye shi, kuma hakan bai yi ƙarko ba. Faifan DVD ya fito a 1996 da tsarin kulle mai suna CSS. A 1999 aka zaƙulo makulli daga wata manhajar kallo ta kamfanin Xing, aka saki manhajar DeCSS mai buɗe kowane faifai. Cikin waɗanda suka yi aikin har da wani matashi ɗan ƙasar Norway, Jon Lech Johansen, wanda kotu ta wanke a 2003. Tsarin AACS na faifan Blu-ray da HD DVD shi ma ta wannan ƙofa aka shige shi, domin a 2007 makullinsa ya bazu a intanet. Dalilin ɗaya ne: duk abin da manhaja ta riƙe, sai ta ajiye shi a ma'adanar kwamfuta, mai kwamfutar kuwa yana iya leƙawa.

Shi ya sa aka mayar da sirrin cikin ƙwayar lantarki, irin wadda masu gyaran waya ke kira IC. Misalin da mutane suka fi sani shi ne katin dikoda na tashoshin biyan kuɗi irin su DStv. Lambar da ke buɗe hoton tana canjawa duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, kuma katin ne kaɗai ke iya fitar da sabuwa, shi ma sai in kuɗin wata bai ƙare ba. Da masu wayo suka gano yadda za su riƙa tura wannan lamba ta intanet daga kati ɗaya zuwa dikododi masu yawa, sai kamfanoni suka ɗaure kowane kati da dikodarsa, lambar ba ta fita a buɗe sai a cikin ƙwayar dikodar da aka yi wa rajista.

A wayoyin hannu dabarar ta fi zurfi. Yawancin ƙwaƙwalen waya na bin tsarin kamfanin ARM, wanda ke da fasahar TrustZone. Tana raba ƙwaƙwalwar gida biyu, kamar zaure da ɗakin ajiya: Android da manhajoji suna harkarsu a zaure, makullai kuwa suna ɗakin da ko Android ɗin ba shi da izinin shiga. Idan aka kunna fim, manhaja tana miƙa rufaffun bayanai ne kawai. A can ciki ake buɗe su, a aika hoton zuwa fuskar waya ta keɓaɓɓiyar hanya. Wannan na cikin dalilan da ke sa wanda ya yi ƙoƙarin ɗaukar hoton fuskar wayarsa yana kallon Netflix ya tarar da baƙi wuluk.

Tsarin Widevine, wanda Google ya saya a 2010, ya kasa na'urori mataki-mataki. L1 na nufin komai na gudana a ɗakin sirri, L3 kuwa manhaja ce zalla, kuma a farkon 2019 wani mai bincike, David Buchanan, ya sanar da cewa ya fasa ta. Saboda haka masu fina-finai ba sa ba na'urar L3 hoto mai kyau. Mutum zai sayi waya mai faffaɗar fuska, ya biya kuɗin kallo, ya ga hoton dishi-dishi, ya ɗora laifin kan rashin ƙarfin intanet, alhali ba a amince wa wayarsa ba ne. A masana'anta ake dasa makullin L1. Lokacin da kamfanin OnePlus ya so gyara wa masu wayar 5T wannan matsala a 2018, sai da ya nemi su aiko masa da wayoyin. Apple na da nasa tsarin, FairPlay, Microsoft kuma PlayReady.

Igiyar da ke kai hoto talabijin ma ba a bar ta ba. Tsarin HDCP na Intel yana kulle abin da ke bi ta HDMI, kuma hoton 4K na bukatar sigar 2.2, abin da ya sa tsofaffin talabijin masu lafiya ke nuna saƙon ƙin amincewa. Babban makullin tsohuwar sigar ya fallasa a 2010.

Ƙarfin wannan tsaro shi ne kuma rauninsa: abin da aka dasa a ƙwaya ba ya gyaruwa ta intanet. A 2018 aka gano aibi a ƙwayar Tegra X1 ta Nvidia da ke cikin na'urar wasa ta Nintendo Switch, wanda ake kaiwa gare shi da igiyar USB da ɗan ƙarfen da zai haɗa ƙafafu biyu a gefen na'urar. Miliyoyin da aka riga aka sayar haka suka zauna, sai sababbi aka gyara. Wani lokacin kuma mai saye na halak ne ke kwana ciki: kallon faifan Blu-ray na 4K a kwamfuta ya dogara da fasahar SGX, da Intel ya cire ta daga sababbin ƙwaƙwalensa na kwamfutocin gida, masu faifan suka rasa hanyar kunna abin da suka saya a sababbin kwamfutocin.

Akwai kuma ɓarakar da ba ƙwayar da ke toshe ta. Dole hoto ya fito fili kafin ido ya gani, kuma ana iya kafa masa kyamara. A nan kamfanoni sun koma ga ɓoyayyen tambari da ake cusawa cikin hoton, daban ga kowane mai kallo, wanda ba ya hana kwafa amma yana nuna asusun ko dikodar da kwafin ya fito.