Gumi ba kitse ba ne: gaskiya da ƙarya kan yadda jiki ke ƙona abinci

Masu tallan shayin rage teɓa da masu sayar da lemon ƙarfi sun cika kunnuwan mutane da maganganu. Kafin a tace su, a san cewa ƙwayoyin halittar jiki suna ƙona sukari da kitse da iskar oksijin a cikin wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, su samar da sinadarin ATP, wanda da shi tsoka ke motsi, zuciya ke bugawa.

"Kitse yana fita ta gumi." Ƙarya ne. Gumi ruwa ne da ɗan gishiri, kuma nauyin da ya ragu ta gumi yana dawowa da zarar an sha ruwa. Kitsen da aka ƙona yana zama iskar kabon dayoksaid da ruwa. Wani lissafi da mujallar BMJ ta buga a 2014 ya nuna cewa daga kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta numfashi yake fita.

"Jiki yana ƙona abinci ko ana barci." Gaskiya ne. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke kashewa a yini yana tafiya ne wajen ayyukan da jiki ke yi ko yana hutawa, kamar aikin hanta, zuciya, ƙoda da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa kaɗai, wadda nauyinta kusan kashi 2 ne na jiki, tana cin kusan kashi 20 na wannan ƙarfin.

"Azumi yana cinye tsoka." An yi ƙari. Hanta tana ajiye kimanin giram 100 na sukari a siffar gilaikojin. Idan an daɗe ba a ci ba, sinadarin insulin yana raguwa, na gulukagon ya ƙaru, hanta ta saki ajiyarta cikin jini. Daga nan jiki ya ƙara buɗe babban rumbunsa, wato kitse, wanda kowane giram nasa ke ɗauke da kalori 9, sukari kuwa 4. Zaizayar tsoka sosai tana zuwa ne da doguwar yunwa. Mai ciwon suga dai ya fara ganin likita kafin ya ɗauki azumi.

"Lemon ƙarfi yana ba da ƙarfi." Rabin gaskiya. Sukarin da ke cikinsa abin ƙonawa ne, amma sinadarin kafen da ke cikinsa ba ya samar da ATP. Toshe saƙon gajiya yake yi a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci.

"Da an kai arba'in, ƙonawa ta yi sanyi." Binciken da mujallar Science ta buga a 2021, kan mutane sama da 6,400 daga ƙasashe 29, ya gano cewa ƙonawar ba ta wani sauyawa tsakanin shekara 20 da 60, idan an yi la'akari da girman jiki. Saboda haka mai teɓa a wannan shekarun ya fara duba yawan abin da yake ci da yawan zamansa.