Idan aka kama ka, me kundin tsarin mulki ya ce?



Jiya a majalisa wani ƙanina ya ce shi ba ruwansa da kundin tsarin mulki. To wallahi da ruwanka. Tsarin shugaban ƙasa da muka fara a 1979, lokacin marigayi Shehu Shagari, daga Amurka aka aro shi. Su sun rubuta nasu a 1787, bayan sun ɗanɗana mulkin sarkin Ingila, sai suka raba iko gida uku: majalisa, shugaba, kotu, don kowa ya taka wa wani birki. A 1791 suka ƙara gyare-gyare goma na haƙƙin ɗan ƙasa.

Namu haƙƙoƙin suna Babi na 4 na kundin 1999. Ka riƙe sashe na 35. In an kama ka, kana da damar yin shiru sai ka gana da lauya. Cikin awa 24 dole a ba ka dalili a rubuce, da harshen da kake ji. In akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne a gurfanar da kai, sai dai in laifin mai hukuncin kisa ne. Mu nan cikin Sakkwato kuwa, ina kotu ta yi mana nisa?